Tunawa Da Michael Nnadi, Ɗan Da Kaka Ta Rena

A ƙasarmu, roƙon kowane uba da kowace uwa shi ne 'ya'yansu su binne su. In abin ya juya, tsoho ya tsaya a bakin kabarin ɗan da ya riga ya kawo ƙarfi, wannan ciwo ba ya saurin warkewa. Irinsa ne ya sami iyalin Michael Nnadi da Ekklesiyar Katolika ta Sakkwato a shekarar 2020.

Michael ɗan tagwaye ne, kuma maraya. Kakarsu ce ta rene shi da 'yan'uwansa. Da ya girma ya ji kiran Ubangiji, sai aka tura shi makarantar horar da limamai ta Good Shepherd, wato Makiyayi Mai Kyau, da ke Kakau a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja. Yana da shekara 18, yana shekararsa ta fari a makarantar.

A daren 8 ga watan Janairu, 2020, 'yan bindiga suka kutsa cikin makarantar, suka tafi da ɗalibai 4, har da Michael. Ukun sun dawo kafin watan ya ƙare. Ran 1 ga Fabrairu aka ba da sanarwar cewa an sami gawar Michael. Bayan 'yan watanni 'yan sanda suka kama waɗanda ake zargi, shugabansu kuwa ya gaya wa 'yan jarida cewa tun ranar da suka kama yaron bai daina yi musu wa'azin bishara ba, yana ce musu su tuba. Abin da ya sa aka kashe shi ke nan, in ji mutumin.

An yi jana'izarsa ran 11 ga Fabrairu a harabar makarantar. Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato ne ya yi wa'azi. Ya faɗa wa mahukunta gaskiya mai ɗaci a kan rashin tsaro, ya kuma gargaɗi masu bi kada su ɗauki fansa. Ran 1 ga Maris bishop-bishop na Katolika suka yi tattaki a Abuja cikin baƙaƙen tufafi. Duk da haka jinin bai tsaya ba. Ran 7 ga Satumba, 2023, wani ɗalibin, Na'aman Danlami, ya mutu cikin wutar da mahara suka cinna wa gidan Fada a Fadan Kamantan.

'Yan'uwa cikin Kristi, sunayen waɗannan biyu sun shiga jaridu. Amma a Malikanchi da ƙauyukan Ikara, Makarfi da Kudan akwai gidajen da suka rasa ɗa baligi ta hatsarin mota, ko ciwo, ko hannun miyagu, ba wanda ya rubuta sunansa. Galibi shi ne mai riƙe da gandu, mai sayen taki, mai biyan kuɗin makarantar ƙanne. Ranar da ya tafi, baƙin ciki da yunwa tare suke shigowa gidan.

Mu kuwa mun iya kwanakin farko. Zumuntar mata su kawo tuwo, 'yan mawaƙa su kwana suna rera waƙoƙi, maza su cika zaure. Bayan mako guda kowa ya kama gabansa, a bar tsohuwa da kayan ɗanta. Wani ma yakan hana uba kuka, wai rashin bangaskiya ne. Ina aka samo wannan koyarwa? Sarki Dawuda ya yi kukan Absalom, ɗan da ya tayar masa. A cikin Luka sura 7, Yesu ya gamu da gwauruwar Nayin ana ɗauke da gawar tilon ɗanta, ya ji tausayinta kafin ya yi mu'ujiza.

Saboda haka ga abin da kowace majami'a za ta iya yi ba tare da jiran taimako daga birni ba. Katikis ko magatakarda ya rubuta sunan mamaci da ranar rasuwarsa a littafin ekklesiya, a riƙa ambatonsa cikin addu'a in shekara ta zagayo. Matasa su yi wa iyayensa gayya da damina. Dattawa su tsaya kada dangi su ƙwace gona daga hannun matarsa da marayunsa. In kuma ka je gaisuwa bayan wata 6, ka kira sunansa, ka ba uwarsa labarin wani alherin da ya taɓa yi maka. Iyaye ba sa gajiya da jin wannan.

Mutuwa rigar kowa ce, amma mu muna da begen tashin matattu. Ubangiji ya ta'azantar da dukan iyayen da suka binne 'ya'yansu, ya ba ƙasarmu salama. Amin.