Kalmar "Kalaci": Ma'anarta da Asalinta

A yankin Gangara, cikin jihar Maradi, kamar sauran ƙasar da ake Katsinanci, abincin tsakar rana na manomi fura ne. Da damina mata kan kai ta gona, a sha a gindin itace kafin azahar, tuwo kuwa sai dare. Kalmar da ake kawowa idan ana neman sunan wannan abinci ita ce kalaci.

Amma kalaci bai tsaya ga rana kaɗai ba. Ma'anarsa abincin da aka zauna aka ci a lokacinsa, shi ya sa ake cewa kalacin safe, kalacin rana, kalacin dare.

Game da asalinsa akwai ra'ayi biyu. Na farko ya raba kalmar gida biyu: kala, wato tsintar ragowar hatsi bayan girbi, da ci. Wannan fassara tana da daɗin ji, sai dai ginin kalmomin Hausa bai goyi bayanta ba. Inda aikatau ci ya shiga harɗaɗɗiyar kalma yakan zo a gaba, kamar ci-rani. Inda ya zo a baya kuwa sai an sami mahaɗi, kamar abin-ci.

Ra'ayi na biyu ya dubi arewa. A harshen Buzaye da ƴan'uwansa na Magariba akwai saiwa k-l mai nufin wuni, wadda ta haifar da amekli ko imekli, abincin rana, kamar yadda n-s, kwana, ta haifar da amensi, abincin dare. Cuɗanyar tsohuwa ce: ayarin Buzaye ya daɗe yana kawo gishiri ƙasar Maradi yana komawa da gero, kuma takobi da raƙumi ta wannan gefe suka shigo. Idan haka ne, kalaci ya fara da nufin abincin wuni, daga baya ma'anar ta faɗaɗa. Duk da haka sauran aiki: ba a bayyana ɓacewar m- ta farko ba, balle ɗafa-ƙeyar -ci, don haka zato ne mai ƙarfi, bai kai hujja ba.

Ga masu shirya littattafan yaƙi da jahilci, sanya kalaci shi kaɗai a gurbin kalmar Faransanci ta abincin rana kuskure ne, domin mai karatu zai tambaya na wane lokaci. A rubuta kalacin rana. Zanen da zai raka kalmar kuma ya nuna ƙwarya da ludayi.