Riba Tana Cikin Jarka: Yadda Takardun Mallaka Suka Koma Kan Na'urar Auna Sinadari

A ɗakin girki na manyan otal-otal da asibitocin Amurka da Turai akwai wani ɗan akwati da ake kafewa a bango kusa da famfo. Mai shara zai danna maɓalli, ruwa ya zubo cikin bokiti a haɗe da sinadarin wanki daidai gwargwado. Sau da yawa akwatin ba na otal ɗin ba ne. Kamfanin da ke sayar da sinadarin ne ya kawo shi, ya kafa, yake kuma turo ma'aikacinsa lokaci-lokaci ya duba lafiyarsa, wani sa'in ba tare da karɓar ko kwabo ba. A kan wannan akwati, da murfin jarkar da ke shiga cikinsa, kamfanonin tsabtace masana'antu suka tara ɗimbin takardun mallakar ƙirƙira, wato shaidar da hukuma ke bai wa mai sabuwar dabara don hana kowa kwaikwayonta har tsawon shekara 20.

Da can hankalin masu ƙirƙira yana kan injin da ke yin wankin ne. Josephine Cochrane ta jihar Illinois ta sami takardar injin wanke kwanuka a 1886, kuma otal-otal da gidajen abinci ne suka fara saye. A Jamus, Alfred Kärcher ya ƙera injin fesa ruwan zafi da ƙarfi a 1950. Sai a 1959 wani masanin sinadarai na kamfanin Henkel, Herbert Sinner, ya tsara abin da masu sana'ar ke koyarwa har yau: wanki yana tsaye ne a kan abu huɗu, zafi, lokaci, gurza, da sinadari, kuma in ka rage ɗaya dole ka ƙara wani. Inji ya ɗauke nauyin uku na farko. Na huɗun ya rage a hannun ma'aikaci, da murfin kwalba ko gwangwanin da yake awo da shi.

Dalili na farko da ya jawo kamfanoni zuwa ga awo shi ne, sinadaran da kansu tsofaffi ne. Soda mai cin fata da ake yin sabulu da ita, da bilic wanda aka fara haɗawa a unguwar Javel ta birnin Faris a ƙarshen ƙarni na 18, ba wanda zai iya zuwa yau ya ce nasa ne. Duk mai duro da muciya yana iya haɗa abin da zai wanke maiƙo, ya sayar a rabin kuɗinka. Ana samun takarda a kan sabon haɗi, amma abokin gasa yakan sauya sinadari ɗaya ya zagaye ta. Saboda haka sai a nemi bambanci a wani wurin.

Labarin kamfanin Gojo ya nuna yadda abin ya samo asali daga matsala ta gaske. Jerry Lippman da matarsa Goldie sun fara haɗa man wanke hannu a garin Akron a 1946, saboda ma'aikatan masana'antar roba da ke fama da baƙin hannu. Masu gareji sun yaba kayan, amma suka yi ta ƙorafin tsada, domin makanikai kan ɗebi fiye da ƙima daga buɗaɗɗen gwangwani, wasu ma su tafi da shi gida. Lippman bai rage farashi ba. Ya ƙera abin da ke fitar da ɗan kaɗan a kowace dannawa, ya kuma yi masa rajista a farkon shekarun 1950. Daga nan mai gareji ya san abin da zai kashe a wata, ya kuma zama kwastoman Gojo na dindindin.

Dalili na biyu shi ne nauyin ruwa. Galibin abin da ke cikin kwalbar sinadarin da aka riga aka tsarma ruwa ne zalla, kuma ɗaukarsa a tirela daga masana'anta zuwa wani gari asarar mai ce. In aka sayar da tsantsar sinadarin, wanda ake haɗa kashi 1 da kashi 256 na ruwa, jarka mai lita 2 za ta ba da sama da lita 500. To amma tsantsa tana da haɗari, kuma ba mai iya auna irin wannan rabo da ido. Ita kanta tsantsar ce ta wajabta na'ura. Kamfanin Economics Laboratory, wanda Merritt Osborn ya kafa a St. Paul a 1923 kuma ya koma Ecolab a 1986, ya kai abin ƙarshe a 1981 da ya fito da sabulun injin wanke-wanke a daskare kamar dutse cikin robarsa. Ana kifa robar a kan na'ura, ruwa ya fesa daga ƙasa ya narkar da abin da ake bukata. Ba gari mai tashi ya shiga hanci, ba ruwa mai fallatsa a ido.

Abin lura a nan shi ne, ilimin da ke ƙarƙashin yawancin na'urorin ba na kowa ba ne. Mafi sauƙinsu ba ta cin wuta ko kaɗan: ruwan famfo ne ke bi ta wani matsattsen wuri a bututu, gudunsa ya ƙaru, sai ya tsotso sinadari ta wani siririn tiyo. Ba'italiye Giovanni Venturi ya bayyana wannan tun 1797. Ɗan ƙaramin bakin roba mai launi da ake sa wa tiyon shi ke yanke yawan abin da za a tsotsa. A injin wanke-wanke kuwa, ana auna yadda ruwan tanki ke ɗaukar lantarki, in ya yi ƙasa a ƙara sabulu. To me ya rage a yi wa rajista? Siffar wuyan jarka, haƙoran da ke kan murfi, bawul ɗin da ba ya buɗewa sai ya haɗu da abokinsa, da dabarar hana sinadari komawa cikin ruwan sha in ƙarfin famfo ya faɗi. Wannan ta ƙarshen muhimmiya ce ƙwarai, har dokokin aikin famfo a Amurka sun wajabta ta. Sauran kuwa, aikinsu biyu ne.

Aiki na farko ba a musunsa. Jarkar da ba ta shiga gurbin da ba nata ba tana hana ma'aikaci haɗa abin da bai kamata a haɗa ba. A watan Nuwamba 2019 manajan wani gidan abinci a jihar Massachusetts ya rasu bayan da bilic ya haɗu da wani sinadari mai asid a daɓen kicin, iska mai guba ta tashi. Aikin shara aiki ne da ake yawan sauya mutane, da yawansu baƙi ne da ba su jin harshen da aka rubuta gargaɗin da shi. Ga irin wannan ma'aikaci, murfi mai haƙora ya fi takardar gargaɗi amfani. An kuma rage ɓarna, domin mutum in an bar shi da kansa yakan ɗauka yawan kumfa shi ne tsabta.

Aiki na biyu shi ne ɗaure mai saye. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: wanda ya karɓi na'ura kyauta ya karɓi jarkar kamfanin ke nan har ƙarshen kwantiragi, kuma kuɗin na'urar yana ɓoye a cikin kowace lita. Kotunan Amurka sun daɗe da sanin wannan wasa. A 1942, a shari'ar Morton Salt da Suppiger, Kotun Ƙoli ta ƙi kare takardar kamfanin Suppiger, wanda ke ba da hayar injin jefa ƙwayar gishiri cikin gwangwanin abinci da sharaɗin a sayi gishirin a wurinsa. Hujjar kotu ita ce an ba shi mallakar inji ne, ba ta gishiri ba. Daga baya ƙa'idar ta yi sako-sako. Majalisar Amurka ta sassauta ta a 1988, sannan a 2006, a shari'ar Illinois Tool Works, kotun ta ce riƙe takarda kaɗai ba ya nuna kamfani ya mamaye kasuwa, sai mai ƙara ya kawo hujja. A 2017 kuma, a shari'ar Lexmark kan robar tawadar injin buga takardu, ta yanke cewa da zarar an sayar da abu ikon takardar ya ƙare a kansa. A ganina wannan hukunci ƙarin dalili ne ga kamfanonin sinadari su ci gaba da abin da suka saba, wato su ba da aron na'ura maimakon su sayar. Abin da ba a sayar ba yana nan a hannun mai shi.

Tsarin yana bukatar dubban ma'aikata masu zagaye da lauyoyi masu tsaron takardu, don haka ƙanana ba sa jurewa. Ecolab ya sayi kamfanin Nalco a 2011, cinikinsa ya haura dala biliyan 15 a 2023. Babban abokin gasarsa Diversey ya yi ta sauya hannu, daga Unilever zuwa iyalan Johnson, zuwa Sealed Air, zuwa Bain Capital, har ya faɗa hannun Solenis a 2023. Sababbin na'urorin kuma suna aika bayani ta intanet: nawa aka wanke, da wane zafi, yaushe jarka za ta ƙare. Mai sayarwa yakan riga mai otal sanin abin da ke gudana a kicin ɗinsa, kuma ranar sabunta kwantiragi wannan sani yana da daraja.

Takardar mallaka tana aiki ne kawai a ƙasar da aka yi mata rajista. Ta Amurka ba ta hana maƙeri a Kano ko Maraɗi komai, sai in mai ita ya yi rajista a Najeriya ƙarƙashin dokar 1970, ko a ofishin OAPI da ke Yawunde, wanda rajistarsa ɗaya ke aiki a Nijar da Chadi da Kamaru da sauran ƙasashen ƙungiyar. Kusan duk wadda aka shigar fiye da shekara 20 da suka wuce ta riga ta faɗi, zanenta kuma a buɗe yake ga mai son karantawa. Cikas ɗin da ke gaban asibiti ko majema ko masana'antar madara a waɗannan ƙasashe na ruwa ne. Na'urar tsotso an gina ta ne a kan famfo mai ƙarfi wanda ba ya sauyawa, alhali ruwan da ke gangarowa daga tankin saman rufi ba kasafai yake kai wannan ƙarfin ba, sai haɗin ya fito ba daidai ba ko tsotson ya tsaya. Famfon awo mai tafiya da motsin ruwa, irin wanda kamfanin Dosatron na Faransa ya fara ƙerawa a 1974, ya fi jure raunin ruwa, shi ya sa masu kiwon kaji ke sa shi a layin ruwan sha don auna magani.