Jaririn da yaƙi ya raba da uwa tai: yadda ake gane shi, da abin da ke biyo bayan haɗuwa (misali daga yankin Safo)

Gabatarwa

Babba in ya ɓace, yana iya faɗin sunansa da na garinsu. Jariri kuwa ba ya da bakin faɗi. A cikin wannan ƴar takarda za mu duba hanyoyin da ake bi don maido da irin wannan yaro ga danginsa. Mun ɗauki Safo, da ke kudu da birnin Maraɗi cikin gundumar Madarunfa, saboda yankin ya san wannan matsala jiya da yau.

1. Zamanin da: tsaga da fansa

Bayan da masu jihadi suka ci Katsina wajen 1807, gidan sarautar ya yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Daga nan har zuwan Turawa, hare-hare ba su yanke ba tsakanin Maraɗi da Gobir ta Tibiri a gefe guda, da Katsina da Sakkwato a ɗaya gefen. Mata da yara su ne aka fi kamawa.

Abubuwa biyu suka taimaki iyaye. Na farko shi ne tsagar fuska, wadda wanzami ke yi wa yaro tun yana ƴan kwanaki. Tsagar Bagobiri daban, ta Bakatsine daban, saboda haka ko yaro ya girma a wata ƙasa, fuskarsa na faɗin asalinsa. Na biyu shi ne fansa: dangi su bi sawu ta hannun fatake, su biya kuɗi su karɓi nasu. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta fitar a 1954, ya nuna yadda wani gida ya fanso mutanensa ta haka.

Amma tsaga tana nuna ƙabila ko zuri'a ne kawai, ba ta nuna uwa. Yau ma ta ja baya ƙwarai.

2. Zamanin yanzu: takarda da hoto

A 2019 dubban mutane suka ƙetaro daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jahar Maraɗi, suna gudun ƴan bindiga. Hukumar HCR ta buɗe ofishi a Maraɗi a wannan shekara, daga baya aka tsugunar da wasu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Ƙauyukan da ke kusa da dajin Baban Rafi su ma sun sha hari. Gudun dare shi ke raba goyo da uwa: a miƙa wa ƴar yarinya ko maƙwabciya jariri, kowa ya bi tasa hanya.

Dokar duniya ta yi tanadi. Yarjejeniyar Janeba ta huɗu ta 1949, a aya ta 24, ta nemi a sa wa yara ƴan ƙasa da shekara 12 wata alamar shaida. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yaro ta 1990, a aya ta 25, ta ɗora wa hukumomi nauyin neman iyayen yaron da rikici ya raba da su.

An koyi darasi daga wurare biyu. Lokacin yaƙin basasar Najeriya (1967-1970) an kwashi dubban yara zuwa Gabon da Kodebuwa. Da aka zo maido su bayan yaƙin, ƙanana daga ciki ba su san sunan garinsu ba. A Ruwanda bayan 1994, ƙungiyar CICR da abokan aikinta suka koma ga hoto don yaran da ba su iya magana: a ɗauki hoton yaro, a kafa a bainar jama'a. Daga nan ƙa'ida ta fito: a rubuta wuri da ranar da aka tsinci yaro, a ajiye zanen goyo da laya da duk abin da ke jikinsa, kuma kada a kai shi nesa. Mai cewa ɗansa ne, sai ya faɗi tabo ko tawadar Allah kafin a nuna masa. Gwajin ƙwayoyin halitta na yanke gardama, sai dai yana da tsada.

3. Bayan haɗuwa

Nan ne, a ganinmu, wuyar take. Jaririn da ya shekara biyu a hannun wata mata, ita ya sani uwa. In ta shayar da shi, a shari'ar Musulunci ta zama uwarsa ta nono, ƴaƴanta kuma ƴan'uwansa ne, aure ya haramta tsakaninsu. Ke nan ranar murnar gida guda ita ce ranar rashin wani gidan. Shi ya sa masu aikin ke son a miƙa yaro sannu a hankali, da ziyara kafin ɗauka. Al'adar riƙo ta Bahaushe na sauƙaƙa wannan, domin ta riga ta yarda yaro ya yi gida biyu.

Kammalawa

Abin da tsaga ta yi jiya, takardar haihuwa da hoto ke yinsa yau, muddin an yi su kafin gudu. Muna ganin ya dace hakimai da ungozomomi na yankin Safo su riƙa rubuta sunan marikiya tare da na mahaifiya, don kada yaro ya sami uwa ɗaya ya rasa ɗayar.