Ɗan Tasawa da Hasken Rana



A nan Tasawa aka haifi Abdou Moumouni Dioffo, ranar 26 ga Yuni 1929. Ya yi lakwal a Damagaram da Yamai, ya wuce makarantar William Ponty ta Senegal, daga can sai Paris, inda ya ci babbar jarrabawar malanta a fannin fiziks a 1956. Ya je Tarayyar Sobiyet neman ilimin makamashin rana, ya yi aiki a Bamako, ya dawo gida a 1969 ya riƙe hukumar makamashin rana, ONERSOL. Ya rasu a 1991, kuma sunansa jami'ar Yamai take ɗauke da shi.

Shi da zafin rana ya fi yin aiki: tankin ɗumama ruwa, da murhu mai madubi wanda ke tattara haske a gindin tukunya. To amma panno ɗin da ke bisa rumfar mai cajin waya a kasuwa, sha'aninsa daban ne. Haske ne ke faɗawa kan silikon, ya zaburar da wata ƙwaya mai suna elektron, ta bar mazauninta ta bi waya. Ita ce wutar. Idan ta koma wurinta kafin a kama ta, an yi asara, sai zafi kawai.

Yadda take tashi da yadda take komawa, shi masu nazarin kimiyyar sinadarai ta lissafi suke bi. Tashin nata yana faruwa ne cikin kashi ɗaya daga miliyan sau biliyan na daƙiƙa. Ahmed Zewail, ɗan Masar, ya gano dabarar kallon irin wannan motsi da walƙiyar leza, aka ba shi kyautar Nobel a 1999. Masu lissafin kuwa ba ruwansu da kwalba ko hayaƙi. Allo ne, da kwamfuta, da ƙa'idar da Schrödinger ya fitar a 1926, wadda ba ta warwaruwa cikin sauƙi da zarar elektron sun yi yawa, sai dai a yi ta kusantar amsa.

A ganina, cikin binciken kimiyya wannan na daga waɗanda suka fi dacewa da aljihunmu, in dai wuta ta zauna. Amma fa hanyar doguwa ce. Yaron da ya ci bak a Tasawa ko Mayahi zai yi lisans shekara 3, a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ko a Yamai, ya ƙara 2 na masta, sannan aƙalla 3 na dakta. Wanda ya tsani lissafi tun daga kwaleji, zai sha wuya.