Goyo ko kujerar jarirai: wanne ya fi dacewa da ƙugun yaro?

A kasuwannin Tasawa da Mayahi, cikin kayan jariran da ake shigowa da su daga Najeriya da kuma na gwanjo, yanzu ana yawan ganin jakar rataya yaro a ƙirji, da kujerar roba mai ramin zama, da keken koyon tafiya mai tayoyi. Dangi kan saye su a matsayin gudummawar suna, wasu matasan iyaye kuma na ɗaukar su alamar wayewa. Amma idan maganar ƙugun yaro ake, likitocin ƙashi sun fi yabon abin da kowace uwa a Maijirgi ko Kanambakashe ta gada daga uwarta, wato zane da majanyi.

Dalilin yana cikin yadda aka halicci gaɓar. Kan ƙashin cinya dunƙulalle ne, yana zaune cikin wani gurbi a kwatangwalo, kamar kan taɓarya a cikin turmi. A lokacin haihuwa gurbin bai yi zurfi ba, yawancinsa guringuntsi ne mai taushi, jijiyoyin da ke riƙe da shi kuma sako-sako ne. A watannin farko, musamman shida na fari, gurbin ke zurfafa, kuma zaman kan ƙashin daram a tsakiyarsa shi ne ke ba shi siffa. Idan cinyoyin jariri suna buɗe, gwiwoyi a lanƙwashe sun ɗan fi ɗuwawu tsawo, kamar zaman kwaɗo, kan ƙashin yana nutsewa cikin gurbinsa. Idan kuwa aka miƙe ƙafafun aka haɗe su na dogon lokaci, sai ya riƙa turawa zuwa baki. Ga yaron da dama gaɓarsa ba ta da ƙarfi, wannan kan iya kai ga gocewa.

Goyo irin na ƙasar Hausa yana ba da wancan zama na farko ba tare da an yi niyya ba. Yaro na bisa bayan uwa, ƙafafu sun rungumi ƙugunta, zane ya tallafi ɗuwawu da cinya har zuwa gwiwa. A haka ake daka, a haka ake zuwa rijiya da gona.

Wani bincike da aka buga a 2015 ya duba takardun yara sama da dubu 40 da aka gani cikin shekara 10 a wani asibitin ƙashi na yara da ke Blantyre a ƙasar Malawi, inda mata ke goyo kamar na nan. Ba a samu jaririn da aka kawo da wannan gocewar ita kaɗai ba, masu binciken kuma suka danganta hakan da goyo. Akasin haka aka gani a Japan, inda aka saba ɗaure jarirai ƙafafu a miƙe. A 1975 aka fara gangamin hana wannan ɗauri a duk ƙasar, sai matsalar ta faɗo daga yaro ɗaya zuwa uku cikin 100 zuwa kusan biyu cikin 1,000. Wannan ba ya nufin yaron da ake goyawa ba zai taɓa samun matsalar ba, domin akwai wanda da ita ake haihuwarsa. Abin da yake nunawa shi ne, yadda ake riƙe jariri yana da tasiri sosai.

To, ina kayan kasuwa suka tsaya? Jakar rataya ba duka ba ce mai illa. Abin dubawa shi ne faɗin mazauninta. Idan siriri ne, ya ratsa tsakanin ƙafafu kawai har suna lilo a miƙe, ba ta dace da jariri ƙarami ya wuni a ciki ba. Idan mai faɗi ne, daga bayan gwiwa zuwa bayan gwiwa, to ta kwaikwayi goyo ne, kuma babu laifi. Haka kujera: wadda ke matse cinyoyi wuri guda ba ta kai wadda ke barin su su buɗe ba, kuma kowace iri ce ta ɗan lokaci ce, ba wurin wuni ko barci ba. Jaririn da wuyansa bai yi ƙwari ba, idan ya yi barci a zaune kansa na iya faɗowa bisa ƙirji ya toshe masa numfashi. Wannan kashedin ya shafi goyo ma: a bar hanci da baki a fili, kar mayafi ya rufe su.

Keken koyon tafiya mai mazauni a tsakiya shi ne ya fi ban tsoro, ko da yake ba don ƙugu ba. Ba ya sa yaro saurin tafiya, amma yana kai shi da gudu inda hannun uwa bai kai ba. Ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004 saboda raunukan da yake jawowa. A tsakar gidan da ke da murhu a ƙasa, da tukunyar ruwan zafi, da bakin rijiya, haɗarin ya fi haka.

Akwai kuma gaggawar koyon zama. Uwa kan ji maƙwabciya na cewa nata ya zauna tun wata huɗu, sai ta dasa nata cikin roba ta kewaye shi da tsummoki. Ma'aunin hukumar lafiya ta duniya OMS, wanda aka fitar a 2006 bayan bin yara a ƙasashe da dama har da Ghana, ya nuna lafiyayyun yara na zama da kansu daga kusan wata 4 har zuwa wata 9, tafiya kuma daga wata 8 zuwa kusan 18. Tabarma a ƙasa, yaro ya yi rub da ciki idonsa biyu, ya yi birgima ana kallonsa, ta fi kowace kujera ƙarfafa masa baya.

Inda al'ada ke buƙatar gyara shi ne lokacin ɗari. Da hunturu ya kama, kakanni kan naɗe jariri tam da zannuwa, ƙafafu a miƙe kamar sanda. A rufe shi, amma a bar wa ƙafafu sarari su lanƙwashe su yi harbi. Miƙar gaɓɓai bayan wanka ita ma kar ta kai ga ja da ƙarfi ko matse gwiwoyi wuri guda.

Wasu jariran sun fi buƙatar a duba su: ƴaƴa mata, waɗanda matsalar ta fi samu kusan ninki huɗu, da ɗan fari, da wanda ya zo a zaune lokacin haihuwa, da wanda aka taɓa samun irin ta a danginsa. Wahalar ita ce ba ta ciwo, jariri ba ya kuka a kanta. Sai dai uwa ta lura cinya ɗaya ba ta buɗewa kamar ƴar uwarta wajen wanka ko goyo, ko ƙafa ɗaya ta fi gajarta, ko ta ji wani ɗan ƙwas a ƙugu. Idan ba a gano ba, sai yaro ya fara tafiya a ga yana ɗingishi, a ce shan inna ne ko iska, a nufi wurin maɗori. Ɗori ba ya gyara wannan, tun da ba karaya ba ce.

Ranakun rigakafi na sati 6, 10 da 14 a CSI dama ce ta roƙon ungozoma ko ma'aikacin lafiya ya duba ƙugun, gwaji ne na hannu da ba ya cin minti biyu. Idan an yi shakka, asibitin gunduma na Tasawa ko na Mayahi ne ke tura yaro Maraɗi don hoton eko, ko radiyo idan ya haura wata shida. A Yamai akwai asibitin yara na CURE, wanda aka buɗe a 2010, mai aikin ƙashi. Jaririn da aka gano tun kafin wata shida, sau da yawa wani ɗamara mai laushi da ake kira Pavlik, wanda ke riƙe cinyoyi a buɗe na wasu makonni, ya ishe shi. Wanda ya riga ya fara tafiya kuwa, galibi sai an yi masa aiki an sa filasta na watanni.