Manyan Kifayen Tekun Ghana: Abin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwar Kan Iyaka Ya Sani Kafin Ya Karɓi Buhu

Daga wakilinmu a Nima, Ghana

Ranar wata Laraba, wato ranar da kasuwar Nima ke ci, wani Alhaji mai safarar albasa daga Galmi ta Jamhuriyar Nijar zuwa Ankara, kamar yadda mu mutanen Zango ke kiran babban birnin Ghana, ya tare ni a bakin wani shago ya ce yana da tambayar da ba zai iya yi ta waya a cikin shirinmu na rediyo ba. Ya ce wani dillali ne ya same shi da buhu biyu na busasshen kaya, ya nemi a sa masa su a motar da ta sauke albasa, a ƙetara da su Aflao zuwa Lome, kuma la'adar da ya yi masa tayi ta fi kuɗin dakon buhun masara goma. Da Alhaji ya kwance bakin buhu ɗaya, sai ya ga wasu abubuwa baƙaƙe-baƙaƙe masu kama da mataji, suna ƙarnin kifi. Tambayarsa ita ce, mene ne wannan, kuma me ya sa yake da tsada haka?

Abin da Alhaji ya gani sassan jikin wani kifin teku ne da ake kira manta, wanda a yau dokar duniya ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, shi da wani ɗan'uwansa a wahala, wato kifin da ya fi kowane kifi girma a duniya. Kasancewar da yawa daga cikin masu karatunmu motocinsu da shagunansu na kan iyakoki irin su Aflao da Elubo da Paga da Sinkasi da Seme da Malambil, muka ga ya dace mu yi bayanin waɗannan halittu, da yawon da suke yi, da kuma dalilin da ya sa aka sa musu ido.

Su wane ne waɗannan kifaye?

Na farko dai Turawa na kiransa wel-shak. Dangin shak ne, amma ba ya cin mutum, hasali ma maƙogwaronsa ƙarami ne ƙwarai. Tsawonsa kan kai mita 18, wato ya kamo tirela da kanta, nauyinsa kuma kan kai kimanin tan 20, daidai da buhun masara 200 ke nan masu kilo ɗari-ɗari. Bayansa cike yake da fararen ɗigo-ɗigo irin na zabo, saboda haka bari mu kira shi zabon teku a cikin wannan rubutu. Masu jin Suwahili a gaɓar Kenya kuwa da idon 'yan kasuwa suka dube shi, inda suke kiransa papa shilingi, wato shak mai sulalla a baya. Kowane ɗaya da irin zanensa, kamar yadda zanen yatsan mutum ya bambanta da na wani, kuma da hoton wannan zane masu bincike ke gane wanda suka taɓa gani.

Na biyu shi ne manta. Duk wanda ya san kunamar ruwa, shimfiɗaɗɗen kifin nan mai ƙari a wutsiya da masuntan kogin Binuwai ke kamawa, to ya san danginsa. Sai dai manta na teku ba ya harbi, kuma faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike kan kai mita 7, nauyinsa ya haura tan guda. Sunan nasa daga Sifaniyanci ne, ma'anarsa bargo. Yana da ƙananan 'yan'uwa da ake kira mobula, waɗanda kamanninsu da shi ɗaya ne.

Duk da wannan girma nasu, abincinsu shi ne ƙananan halittun ruwa da ido bai cika gani ba, da ƙwan kifi, da 'yan mitsi-mitsin kifaye. Sukan buɗe baki ne su yi ta tafiya, ruwa na shiga yana fita ta wata rariya da Allah Ya yi musu a maƙogwaro, abinci yana tsayawa. Wannan rariya ta manta ce ake cirewa a shanya, ita ce Alhaji ya gani a buhu.

Fataken teku

Hausawa na cewa in kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, wa zai musa? To a 'yan shekarun nan masana sun samu hanyar da kifin ke ba da labarin kansa, ta hanyar maƙala masa wata 'yar na'ura da ke aika saƙo ta tauraron ɗan Adam.

A shekarar 2007 an maƙala wa wata macen zabon teku irin wannan na'ura a gaɓar ƙasar Meziko, aka sa mata suna Rio Lady. Cikin wata 5 ta yi tafiyar da ta haura kilomita 7,000, sai ga ta a tsakiyar tekun Atlantika, tsakanin Barazil da Afirka ta Yamma. Wata kuma mai suna Anne, da aka sa wa na'ura a ƙasar Panama a 2011, masu binciken sun bayyana a 2018 cewa sun bi sawunta na kwana 841, inda ta yi sama da kilomita 20,000 a cikin tekun Pasifik. Wannan ya fi zuwa Kano daga Ankara ta hanyar Legas sau 10. Haka zalika na'urorin sun nuna cewa wannan kifi kan yi nutso har zurfin kusan kilomita 2.

Kamar yadda fataken da suke da zango-zango a hanyar Gwanja, su ma suna da wuraren da suke yada zango duk shekara idan abinci ya yawaita. A tekunmu na Atlantika akwai tsibirin Sant Helena da ke yamma da Angola, inda manyan maza da mata ke taruwa daga wajen Disamba zuwa Afrilu, sannan jiragen kamun kifin tuna kan ci karo da su a ruwan Gabon. Har yanzu masana ba su gano takamaiman inda suke haihuwa ba. Abin da aka sani shi ne a 1995 an kama wata mace a Taiwan da 'ya'ya kusan 300 a cikinta, kuma wannan kifi kan yi shekara 25 zuwa 30 kafin ya isa haihuwa.

Shi kuwa manta halinsa daban ne. Wani bincike da aka fitar a 2016, bayan an bi sawunsu a Meziko da Indonesiya, ya nuna cewa akasarinsu ba sa nisa da yankinsu, sai dai su yi sama su yi ƙasa a cikin ruwa suna bin abinci. Ma'anar wannan ita ce idan aka kame na wani yanki, da wuya wasu su zo daga wani wuri su maye gurbinsu. Bugu da ƙari, macen manta ɗa ɗaya take haifa bayan cikin kimanin shekara guda, sannan ta huta shekara 2 ko 3. Ke nan haihuwarta ta fi ta raƙumi jinkiri.

Me ke haɗa su da masuntan Ghana?

Gaɓar tekun Ghana ta kai kimanin kilomita 550 daga Aflao zuwa iyakar Kwaddebuwa. Duk shekara daga Yuli zuwa Satumba, ruwan sanyi na ƙasan teku kan taso sama ɗauke da takin da ƙananan halittun nan ke rayuwa a kai, sannan akwai wani ƙaramin tasowa a wajen Janairu. Wannan shi ne lokacin kakar masunta, lokacin da ƙananan kifaye ke cika kwalekwale, matan Chorkor su yi ta banda dare da rana. Abincin da ke tara ƙananan kifin, shi ne dai abincin manta da zabon teku.

To sai dai ƙananan kifayen sun ragu ƙwarai a cikin shekaru 30 da suka wuce, saboda yawan kamu da kuma ɓarnar manyan jirage. A 2017 kaɗai, ƙungiyar EJF ta kiyasta cewa tan 100,000 na kifi ya bi ta haramtaccen cinikin nan da ake kira saiko, inda manyan jirage ke sayar wa kwalekwale daskararren kifi a tsakiyar teku. Da kifin gaɓa ya yi wuya, sai masuntan garuruwa irin su Dixcove da Axim da Shama da Apam suka ƙara nausawa cikin teku da doguwar ragar da ake saki ta kwana tana bin igiyar ruwa. Wannan raga ba ta zaɓe, tana kama tuna da shak, tana kuma kama manta da mobula. Naman akan yanka a sa gishiri a shanya, wani ya shiga cikin kifin gishirin da ake kira kako a kasuwanninmu, fikafikan shak da rariyar manta kuwa dillalai ke bi suna saye domin fitarwa Asiya.

Shi zabon teku yana da wata matsalar ta daban, domin yakan daɗe a saman ruwa yana kiwo. Wani bincike da aka buga a 2022, wanda ya bi sawun guda 348, ya gano cewa sama da kashi 90 cikin 100 na wuraren da suke yawo hanyoyin manyan jiragen dakon kaya ne, kuma idan jirgi ya buge shi nutsewa yake yi, babu wanda zai ga gawarsa. Ƙungiyar IUCN mai lura da halittun da ke fuskantar ƙarewa ta sa shi cikin masu haɗari a 2016, bayan ta kiyasta cewa fiye da rabinsu sun ƙare cikin shekara 75. Babban manta ya shiga wannan sahu a 2020.

Inda kuɗin yake, da abin da doka ta ce

Babbar kasuwar rariyar manta ita ce birnin Guangzhou na ƙasar Sin, garin da 'yan kasuwarmu da dama suka sani ta dalilin sarin kaya. Can ake dafa ta a matsayin maganin tsarkake jini, alhali babu wani binciken likita da ya tabbatar da hakan, hasali ma an samu guba irin ta ƙarafa a cikin wasu da aka gwada.

Akwai yarjejeniyar duniya da ake kira CITES mai kula da cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, kuma Ghana da Togo da Benin da Najeriya da Nijar duk suna cikinta. Ita ce dai ta hana cinikin hauren giwa da ɓawon dankunya, wato dabbar nan mai sulke. A 2002 ta sa zabon teku cikin rukuni na 2, wanda ba a fitar da shi sai da takardar izini. Manta ya shiga a 2013 a taron Bangkok, mobula kuma a 2016 a Johannesburg. A ƙarshen 2025 kuwa, a taron da aka yi a Samarkand ta ƙasar Uzbekistan, aka ɗaga su duka zuwa rukuni na 1, wanda ke nufin an haramta cinikinsu tsakanin ƙasashe baki ɗaya. Fikafikan akasarin sauran shak da ake ciniki su ma tun bayan taron Panama na 2022 sai da takarda. A Ghana, sashen namun daji na Hukumar Gandun Daji ne ke ba da irin wannan takarda.

Kada mai karatu ya ɗauka abin wasa ne. A 2020 jami'an kwastan na Hong Kong sun kama tan 26 na fikafikan shak da suka fito daga ƙasar Ekwado. Kuma kowa ya san yadda abin yake a kan iyaka: idan 'yan kwastan ko duwan suka kwance buhu, wanda aka samu kaya a motarsa shi ne mai kaya, dillali kuwa ya kashe wayarsa.

Akwai mafita?

Ba za a ɗora wa masunci laifi shi kaɗai ba, domin shi ma iyali gare shi, ga tsadar man inji, ga bashin raga. Ƙasar Indiya ta nuna wata hanya. Ta haramta kama zabon teku a 2001, sannan daga 2004 aka shiga wayar da kan masuntan Jihar Gujarat tare da taimakon wani malamin addininsu mai suna Morari Bapu, daga baya gwamnati ta riƙa biyan diyyar raga ga duk wanda ya yanke tasa ya saki kifin. Ta haka aka saki ɗaruruwa. Indonesiya ta hana kama manta a 2014, bayan an yi lissafi an ga masu yawon buɗe ido da ke zuwa kallonsa da rai sun fi kawo kuɗi. Masuntan Ghana ma ba baƙin hani ba ne, tunda tun kaka da kakanni da yawansu ba sa shiga teku ranar Talata. Sabuwar dokar kamun kifi ta 2025, wadda ta tura manyan jirage daga mil 6 zuwa mil 12 daga gaɓa, za ta taimaka idan har aka aiwatar da ita, domin idan ƙaramin kifi ya dawo, masunci ba shi da dalilin kwana uku a tsakiyar teku.

Shawararmu ga 'yan kasuwa da direbobi da 'yan kamasho ita ce, kada a karɓi saƙon buhun da ba a kwance bakinsa ba, ko da mai shi ɗan gari ne. Idan aka ga busasshen abu mai kama da mataji, ko fiffike mai kusurwa uku mai kaushi kamar takardar goge katako, to a nemi takardar hukuma, idan babu a mayar wa mai shi. La'adar da ta fi ƙarfin kayan da aka nuna maka, ita kanta gargaɗi ce, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan Zango da limamai su ma suna da rawar takawa, domin malamanmu sun sha faɗa mana cewa halaccin abin da ke cikin teku bai ba mu izinin almubazzaranci da shi ba.

Shi dai Alhaji ya mayar wa dillali buhunansa a ranar, motarsa ta kama hanya da lodin gishiri da garin rogo. Allah Ya ba mu halaliyarmu, Ya tsare mu da dukiyoyinmu a kan hanya, amin.