Ba Linux ne ya ƙona katin Wi-Fi ba

Tun da kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, maganganu biyu ke yawo tsakanin ɗalibai da masu gyaran kwamfuta a Damagaram. Ta farko, wai duk kwamfutar da ta kasa ɗaukar Windows 11 ta zama tarkace. Wannan ba ta da wuyar ƙaryatawa, tunda ga Linux nan kyauta, kuma ba ya neman guntun tsaro na TPM 2.0 da sabon Windows ya wajabta. Ta biyun ce ke ci mini tuwo a ƙwarya: wai Linux yana ƙona katin Wi-Fi.

Na san inda zancen ya samo asali. Ɗalibin Jami'ar André Salifou ya sayi tsohuwar Dell ko HP ta gwanjo da aka shigo da ita daga Kano, an sa masa Ubuntu ko Linux Mint, komai ya tashi garau. Ya kunna intanet ɗin wayarsa don ya raba wa kwamfutar, sai ta yi kamar babu kowa a unguwar. Ya koma wurin mai gyara, shi kuma ko dubawa bai yi ba ya ce kati ya mutu, a kawo kuɗin wani.

Galibi katin lafiyarsa ƙalau. Yawancin kwamfutocin da aka ƙera tsakanin 2005 da 2010 da ke wannan halin suna ɗauke da katin kamfanin Broadcom na Amurka, irin su BCM4311 da BCM4312 da BCM4318. Dell ma har sunanta take liƙa wa wasunsu, ta kira su Dell Wireless 1390 ko 1397. Irin wannan kati abu biyu yake buƙata. Akwai direba, wato manhajar da ke zaune cikin tsarin kwamfuta tana ba katin umarni. Akwai kuma wata 'yar manhaja da ake ɗura wa katin kansa duk lokacin da aka kunna, da an kashe ta goge. Direban yana cikin Linux tun 2008, sunansa b43, kuma 'yan sa-kai ne suka rubuta shi bayan sun yi ta bin diddigin yadda katin ke aiki, domin kamfanin bai ba su takardun bayaninsa ba. Ita manhajar cikin katin kuwa mallakar Broadcom ce, ba ta ba da izinin a raba ta tare da Linux ba. Kamar ɗan kabu-kabu ne ya hau babur mai lafiya, tanki cike da mai, amma makulli na aljihun mai babur. Wanda ya ce injin ya lalace bai duba ba ne.

To, yaya ake karɓo makullin? Nan ne mutane ke karaya, saboda sai da intanet ake sauke manhajar, intanet ɗin kuma shi ne babu. Amma igiyar caji ta isa. A haɗa wayar Android da kwamfutar, a shiga saitin raba intanet a zaɓi USB, Linux zai gane ta nan take, ko layin Airtel ne ko Moov ko Zamani. Daga nan a buɗe baƙin allon umarni a rubuta lspci -nn. Idan a layin katin aka ga lamba ta fara da 14e4, to Broadcom ne. A Ubuntu da Mint da Debian, kunshin firmware-b43-installer shi ke ɗauko manhajar ya ajiye ta inda ya dace. A kashe a kunna, sai ga sunayen Wi-Fi sun jeru. Kuskuren da na fi gani shi ne zuba direbobi biyu a lokaci guda. Broadcom na da nata rufaffen direban mai suna wl, wanda idan aka sa shi yakan toshe b43, sai a rasa duka biyun.

Kafin ma a kai nan, a duba ɗan maɓallin da ke gefen kwamfutar ko wanda ake dannawa tare da Fn. Jigila cikin jaka ta isa ta tura shi, kuma umarnin rfkill list zai faɗi ko an kulle katin. Sannan yawancin tsofaffin katunan nan zangon 2.4 GHz kaɗai suke ji. Idan sabuwar waya tana watsawa a kan 5 GHz, ko ta kulle da WPA3, dole a mayar da ita 2.4 da WPA2.

Ba duk kamfanoni suka yi rowa ba. Atheros ta saki buɗaɗɗen direbanta ath9k a 2008, shi ya sa katinta AR9285 ke aiki da an soka shi. Broadcom ta sassauta a 2010, amma ga sababbin katuna kawai. Jama'ar Debian kuma sun kaɗa ƙuri'a a 2022, daga Debian 12 na Yunin 2023 suka fara haɗa manhajojin da aka yarda a raba cikin faifan girkawa. Idan har kati ya mutu da gaske, a cire na Atheros daga matacciyar kwamfuta a sa, sai dai wasu HP da Lenovo ba sa karɓar katin da ba ya cikin jerin da kamfanin ya amince da shi. Ga irinsu, ɗan katin USB ya fi sauƙi.

Abin da ke damuna shi ne ma'aikatu. Mai gyara da ke neman na cefane ina yi masa uzuri, amma ofishin da ya tara kwamfutoci a ɗakin ajiya suna shan ƙura, yana jiran kasafin sayen sababbi, ba shi da hujja. Tun 2023 da aka rufe iyakar Benin kaya suka ƙara tsada, ga makarantun Mirriya da Magarya da Matameye da yara ke gama sakandare ba su taɓa allon rubutun kwamfuta ba. A kira ɗaliban sashen kwamfuta na jami'a, a ba su ɗaki da lantarki da igiyar USB, su gwada injinan nan ɗaya bayan ɗaya kafin wani ya sa hannu a takardar zubar da su.